Gishirin da Muka Manta

Garinmu ba ya shan mai.
Daga ƙofar gida zuwa tsohuwar gadar Tavira
taku ɗari huɗu ne, Telmo ya ƙirga.
Da can nakan je in dawo
kofi bai huce ba.

Amma tun da ciwo ya taɓa ƙafar Baba ta hagu
garin ya ƙara faɗi.

Ran Asabar muka fita mu huɗu, sandarsa ta biyar.
Takarda a tafina:
burodi, kifi, lemu, gishiri,
da takalmin makarantar Zulmira.

Custódia mai burodi
ta naɗe alewar ɓaure guda biyu kamar yadda ta saba,
sannan ta tuna Inna ta shekara a ƙasa.
Hannunta ya tsaya a iska.
Baba ya ce, "Bar shi,
ina da jika mai ciki kamar rijiya."

A kasuwar bakin kogi
ƙanƙara na narkewa a ƙarƙashin kifi.
Baba ya ɗaga guda, ya dube shi ido cikin ido,
ya ce, "Wannan ya kwana."
Amílcar ya ce, "Kai ma ka kwana, Baltazar,
ba mu zubar da kai ba."
Shekara arba'in suna wannan faɗa,
ba wanda ya taɓa rage ko sisi,
ba wanda ya taɓa zuwa wani teburi.

Takalmi kuwa, ni baƙi nake so, mai jure ruwa.
Ita ja.
Mai shago ya danna babban yatsansa a bakin takalmin,
ya ce a bar wa ƙafa wurin gobe.
Ina cikin lissafi, Baba ya riga ya biya.
Ta fito tana taka duwatsun titi a hankali
kamar mai tsoron kada ta tashe su daga barci,
tsofaffin na cikin kwali a hammatarta.

A tsakiyar gada ya tsaya.
Wai shamuwa yake kallo
da ta gina sheƙa a kan bututun tsohuwar masana'anta.
Na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka.
Ban ce komai ba, ni ma na kalli shamuwa.
Ruwa ya janye zuwa teku,
jirage sun kwanta a laka ta gefe guda,
Telmo na jefa wa kifaye ɓawon burodinmu.

Da rana ta take, muka zauna a inuwar lemu
inda hayaƙin gawayi ke kiran mutane da sunansu.
Kifi gasasshe, dankali, man zaitun a faranti,
muka dangwala har faranti ya yi ƙyalli.
Baba ya zare wa Zulmira ƙaya ɗaya bayan ɗaya,
ya daɗe, ba wanda ya karɓe shi.
Wata kyanwa a ƙarƙashin tebur
ta cinye kawunan ba godiya.

Muka dawo da abin da ba a rubuta ba:
kwandon kaba, zuma,
balan-balan da ta fashe kafin kwana ta biyu,
gaisuwar mutum goma sha.

Sai da tukunya ta hau wuta
na buɗe gwangwani, wayam.
A garin da ake tara gishiri tsibi-tsibi
a bayan gidajen ƙarshe,
fari fat, har yana kashe ido!

Baba ya yi dariya har da tari.
Rabon da in ji wannan dariya tun Inna na nan.
Ya miƙa hannu ya ɗauki sanda.
"Graciete ba ta rufe ba tukuna.
Taku nawa ne, Telmo?"

"Ɗari da tamanin."

"A ƙafarka ke nan.
Zo mu je mu ƙirga tawa."

Na rage wuta.